Lambun Kan Soro: Kwana Goma Sha Biyu a Birnin Fas

Gwaggona ta fi shekara ashirin tana ambaton Fas. Duk Juma'ar da ta dawo daga zikiri, kafin ta cire mayafi sai ta ce Allah Ya nuna mata ranar da za ta tsaya a hubbaren Shehu Tijjani ta yi masa sallama. Da 'ya'yanta suka haɗa mata kuɗin tafiya, ni aka zaɓa na raka ta, saboda ɗan Larabcin da na tsinta a Islamiyya da kuma ƙarfin jan akwati. Ita ta je ta cika burinta. Ni kuwa na dawo da wani abu da ko a mafarki ban sa shi cikin lissafin tafiyar ba, wato sha'awar shuka ganyen miya da na shayi a cikin gwangwani.

Mun sauka a Kasabalanka ta ƙasar Maroko, muka hau jirgin ƙasa, tafiyar kusan awa huɗu. Ya bi da mu ta Rabat da Kenitara da Maknas. Lokacin sanyinsu ya fara ja da baya, ƙasa ta yi kore shar, gonakin alkama da na zaitun sai wucewa suke ta taga. Gwaggo tana jan carbi, ni ina kallo.

A ƙofar Bab Bujulud motar haya ta ajiye mu, don mota ba ta shiga tsohon birni. Ƙofar nan da aka gina a 1913 fuska biyu gare ta: ta waje shuɗiya, ta ciki koriya. Daga nan sai ƙafa. Mai kura ya ɗora kayanmu, muka bi shi muna gangarawa ta titin Tala'a Kabira, wanda a wajenmu lungu za a kira shi. Ana cewa lungunan tsohon Fas sun haura 9,000, kuma wanda ya kwana biyu a ciki ba zai yi musu ba. Da ka ji an ce "Balak! Balak!" sai ka lafe da bango, alfadari ne tafe da tukwanen gas ko buhunan gari.

Masaukinmu gidan wata dattijuwa ne a kusa da zawiyyar Shehu, a unguwar Bilida. Mijinta ya rasu, tana zaune da jikarta budurwa, tana ba masu ziyara hayar ɗakuna biyu. 'Yan Senegal da 'yan Mali da mutanenmu duk sun kwana a gidan, har ta iya cewa "sannu". Kowa Hajja yake ce mata, mu ma muka bi sahu. Ni kuma daga ranar farko ta mai da ni "binti", wato 'yata.

Ko zama ba mu gama yi ba ta ɗaga murya ta yi wa jikar magana. Yarinyar ta haye bene da gudu, jim kaɗan ta sauko da na'a-na'a cike da hannu, har da danshin ruwa a jikin ganyen. Ƙamshinsa ya riga ta isowa ɗakin. A raina na ce wataƙila akwai maƙwabciya mai sayarwa a sama.

Shayin da Hajja ta dafa mana a yammacin nan, wanda suke kira atai, shi ne darasina na farko. Koren ganyen shayi ne na ƙasar Sin, irin mai dunƙule-dunƙulen nan da masu shayin Damagaram da Agadas suka sani. Ta ɗauraye shi da tafasasshen ruwa, ta cika buta, ta ɗora a wuta. Ta fasa sukari daga wani dunƙule mai tsini a sama, mai nauyin kusan kilo 2, irin wanda suke kaiwa gidan biki da gidan gaisuwa. Sai daga ƙarshe ta cusa na'a-na'ar, da ganye da kara, har murfin buta yana neman ƙin rufuwa. Ta tsiyaya a kofi ta mayar, ta sake tsiyayawa ta mayar, sannan ta ɗaga butar sama ta zubo shi kamar zare, ya yi kumfa a bakin kofi. Kumfar nan rawani suke ce mata, kuma shayin da ba shi da rawani bai isa a miƙa wa baƙo ba. Gwaggo ta kurɓa ta yi shiru, can ta ce, "Ashe mu ruwan zafi muke sha."

Washegari na wanke 'yan kayanmu, na tambayi inda ake shanya. Aka nuna mini matakala. Matsattsiya ce, kowace taka ta kusa kai gwiwa, sai da na huta sau biyu. Da na tura ƙofar sama na fito, sai na tsaya da bokiti a hannu. Birnin gaba ɗaya yana shimfiɗe a ƙasa, soro na dafe da soro, hasumiyoyi ko ta ina, ga koren rufin masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta kafa a shekarar 859, ga dutsen Zalag a tsaye ta arewa. Amma abin da ya riƙe idona yana nan dab da ƙafata. Jikin katangar soron an jera tukwanen shuka goma sha bakwai, na ƙirga su. Uku ne kawai na ainihi da aka saya don shuka. Sauran gwangwanayen man zaitun ne da aka yanke wa kai, da bokitin fenti, da tsohuwar tukunyar ƙasa da ta tsage, da wata robar wanki da gindinta ya fashe. Kowanne cike yake da kore.

Na leƙa soron maƙwabta, su ma haka. Wata tana shanya, wata tana tankaɗe, wata tana tsinkar ganye tana hira da ta ƙetaren katanga. Tun zamanin da, kan soro a Fas filin mata ne. A nan suke shan iska, a nan labari yake yawo, a nan kuma reshen shuka yake ƙetarawa daga gida zuwa gida ba da ko sisi ba.

Hajja ta hawo a hankali tana dafa gwiwa, ta same ni a tsugune ina shinshina ganye. Ta yi dariya ta ce, "Binti, ba ku da su ne a garinku?" Na ce muna da wasu. Sai ta kama hannuna muka bi layi tana faɗa mini sunayensu. Larabcin Islamiyyata da Larabcinsu na Darija ba su cika jituwa ba, amma hanci ya yi mana tafinta.

Na'a-na'a ta ci tukwane huɗu ita kaɗai. Kusa da ita akwai shiba, mai ganye fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, 'yar'uwar tazargaden da muka sani, kuma ɗacinsu ɗaya. Ita ake sa wa shayi da sanyi, lokacin da na'a-na'a take ƙaranci, ɗan reshe kaɗan ya isa buta guda. Sai luwiza, mai siririn ganye da ƙamshin lemun tsami, wadda suke jiƙawa a ruwan zafi da dare, suna cewa tana kwantar da ciki tana kawo barci. Sai ƙazbur, wanda masu kayan ƙamshi a wajenmu suke sayar da 'ya'yansa da sunan kusbara, da abokin tafiyarsa ma'adnus. Su biyun kamarsu ɗaya a ido, sai ka murza ka shinshina za ka bambance. Akwai karafas mai kauri a kara, da za'atar da azir, waɗanda asalinsu tsiron duwatsu ne. A bakin ƙofa kuma ga wata da na gane tun daga nesa. Na ce, "Wannan ai ɗoɗɗoya ce!" Ta ce su habaƙ suke kiranta, kuma ba su cika sa ta a girki ba, don korar sauro suke ajiye ta a bakin ƙofa da taga. Na ce mata kakata ma da ita take korar sauro, amma mu har a miya muna sa ta. Ta riƙe baki.

A kwanakin da suka biyo baya, da mun dawo daga zawiyya Gwaggo ta kwanta hutawa, sai na haye sama. Abin da na koya a wajen Hajja ba shi da yawa, amma kowanne da dalilinsa.

Na'a-na'a ba a shuka ta da iri. Reshe ake yanka mai tsawon ɗan yatsa ko fiye, a zage ganyen ƙasa, a tsoma a kofin ruwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za a ga fararen saiwoyi, sai a dasa. Ba a haɗa ta tukunya ɗaya da kowa, domin saiwarta tana yaɗo a ƙarƙashin ƙasa ta shaƙe maƙwabta. Hajja ta ce, "Kishiya ce, ba ta zaman gida ɗaya." Kuma daga sama ake tsinkarta, duk inda aka cire kai ɗaya biyu ne za su fito. Wadda aka bari don tausayi sai ta yi tsawo ta rame ta yi fure, ganyen ya rage ƙamshi.

Ƙazbur kuwa da iri ake shuka shi, kuma a inda zai zauna, don ba ya son a tumɓuke shi a sake masa wuri. Kowace ƙwaya iri biyu ne a manne, shi ya sa take murza su da gindin kofi su rabe kafin ta watsa. Da zafi ya taso sai ya yi sauri ya yi fure ya daina ba da ganye. Maganin abin shi ne kada a shuka shi gaba ɗaya. Tana watsa kaɗan yau, bayan mako biyu ko uku ta watsa a wata tukunyar, kafin wannan ya tsufa wancan ya taso. Wanda ya yi fure kuma ba asara ba ne, ana barinsa ya bushe a sami iri da kayan ƙamshi. Ma'adnus shi ne mai nawa, yakan yi mako uku ko huɗu bai leƙo ba, har mutum ya fid da rai. Tana jiƙa irin ya kwana a ruwa kafin ta shuka.

Za'atar da azir yawan ruwa ne yake kashe su. Ta ce baƙi da yawa da ta ba reshe sun kashe shi da kirki, kullum suna ban ruwa. Kowace tukunya kuma sai an huda gindinta an zuba 'yan tsakuwa, in ba haka ba saiwa ta ruɓe.

Batun ruwa ba wasa ba ne a Maroko. Sun yi shekaru a jere suna fama da fari, har ta kai a 2025 Sarki Muhammadu na Shida ya roƙi jama'a su haƙura da yanka ragon layya saboda dabbobi sun yi ƙaranci. A gidan Hajja ba a zubar da ruwan da aka wanke ganye ko tumatir da shi. Akwai bokiti a gindin famfo, da ya cika jikar ta hau da shi sama bayan la'asar. Ruwan da babu sabulu a cikinsa duk na lambu ne.

Wata safiya na bi ta kasuwar Rasif. Nan na ga na'a-na'a tuli-tuli a kan kura, an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, yawancinta daga gonakin wajen Maknas, garin da ya yi suna da ita, mai nisan kusan kilomita 60. Ƙulli ɗaya dirhami ɗaya ne ko biyu. Ta sayi ƙazbur da ma'adnus ƙulli bibbiyu. Na kasa haƙuri na ce, "Hajja, abin da yake da araha haka, me ya sa kike wahalar da gwiwarki a matakala?"

Ta ce, "Na kasuwa na tukunyar da na shirya ne. Na sama na baƙon da bai yi sallama da rana ba." Ta ce in mutum ya ƙwanƙwasa ƙofa bayan isha'i, ba za ta ce ya jira gari ya waye ba. Sannan ganyen da aka tsinka yanzu da wanda ya kwana a kura ba ɗaya ba ne. Jikar kuma ta ƙara da nata dalilin: a 2019 hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar ta lalata gonakin na'a-na'a a wasu yankuna saboda an fesa musu maganin ƙwarin da ba a amince da shi ba. Tun daga lokacin kakarta ta ƙara tukwane biyu. Wanda ka shuka da hannunka ka san abin da ya sha.

A madafa ne na ga amfanin abin sosai. Kafin na je, na ɗauka abincin Maroko sai mai hali, irin wanda ake nunawa a talabijin da rago da busassun 'ya'yan itace. Akwai wannan, amma na ranar biki ne. Abincin yau da gobe a gidan Hajja bai fi ƙarfin talaka ba, kuma yawancinsa bai kai rabin awa a wuta ba.

Uwar girkin ita ce sharmula. A ɗan turminta na tagulla take daka tafarnuwa da gishiri, ta zuba ƙazbur da ma'adnus da ta yanka ƙanana, da garin kamun, da garin jan tattasai marar yaji, ta matse lemun tsami, ta tsiyaya man zaitun. Shi ke nan. Ranar farko ta shafe ta a tsakanin kifin sadin biyu da aka buɗe aka cire wa ƙaya, ta manna su, ta turbuɗa a gari ta soya. Ina ci ina tuna cewa kifin gwangwanin Titus da muke sa wa yara a burodi daga tekun ƙasar nan yake zuwa, ga shi yau na same shi ɗanye. Kashegari sharmular da ta rage ta shiga cikin dafaffen karas. Wata rana dankalin Turawa.

Akwai za'aluk, wanda ake yi da wani babban gauta baƙi mai sheƙi. Ana gasa shi ko a dafa, a farfasa shi cikin tumatir da tafarnuwa da kamun, a yi ta juyawa har ruwan ya tsane, a watsa ganye a sauke. Akwai taktuka, gasasshen koren tattasai da tumatir. Ranar da muka dawo a gajiye, tumatir huɗu ta gurza a kaskon ƙasa mai murfi kamar malfa, wanda suke kira tajin, ta sa albasa da kamun, ya yi kauri, ta fasa ƙwai biyar a kai, ta aiki jikar sama. Kafin ƙwan ya daskare yarinyar ta sauko da ma'adnus. Muka kewaye kaskon da gurasar da aka gaso a tandar unguwa, kowa yana dangwala daga gabansa, Hajja tana ta turo mini tana cewa "Kuli, kuli, binti." Tumatir da ƙwai ne fa, abin da kowace ɗaliba take soyawa a ɗakin makaranta. Ganyen nan da ɗan kamun su suka mai da shi abincin da har yau nake jin ɗanɗanonsa.

Harira, miyar da suke buɗa baki da ita da azumi, ita ce mai cin ganye da yawa, shi ya sa ake haɗawa da na kasuwa. Tumatir ne da adas da waken hummus da ɗan nama in akwai, sai ƙazbur da ma'adnus da karafas cike da hannu biyu, a ɗaure ta da ƙullun fulawa kamar yadda muke ɗaure kunu. Ran Juma'a kuwa kuskus ne, ana turara shi a madambaci sau biyu ko uku kamar dambunmu. A romonsa ba ta yanka ganyen. Ɗaure ƙazbur da ma'adnus take yi da zare ta jefa, in an gama ta tsamo ta yar. A kan kanta kuma akwai kwalbar lemun tsamin da ta tsaga huɗu ta cusa wa gishiri, ya yi wata guda yana jiƙa a ruwan jikinsa. Ɗan yanki kaɗan na ɓawonsa yake tashin tukunya guda.

Har a majema ganyen nan bai bar mu ba. Da muka je kallon majemar Shuwara, inda ake jiƙa fata a ruwan farar ƙasa da kashin tattabara, a bakin ƙofa aka miƙa wa kowa reshen na'a-na'a ya kanga a hanci. Gwaggo, wadda ta tashi kusa da majema a Kano, ta ce ita ba ta buƙata, warin gida ne. Ta kuma tuna wa mai yi mana jagora cewa fatun awakin ƙasar Hausa sun daɗe suna ƙetare Sahara zuwa nan, daga nan su wuce Turai a kira su fatar Maroko.

Mun yi sa'a tafiyarmu ta dace da furen lemu. Mata suna sayensa a ma'auni, su kai gida su turara a wata tukunyar tagulla mai hawa uku da ake kira ƙattara, irin wadda maƙeran dandalin Saffarin suke ƙerawa. Tururin yana bi ta cikin furen, ya haɗu da sanyin ruwan da ke hawa na sama, ya ɗiga a kwalba. Ruwan da aka tara shi za a yi shekara ana sa wa kayan zaƙi ana yayyafa wa baƙi a hannu. Yini guda muka yi a tsakar gida muna canza kwalabe, gidan duk ya gauraye da ƙamshi.

Daren da za mu taho, Gwaggo ta daɗe a zawiyya. Shehu ya tare a Fas a 1798, ya rasu a nan a 1815, kuma har yau ƙofar ba ta rabuwa da baƙi daga ƙasashenmu. Ta fito idonta jawur, ta ce ko yanzu ta mutu ta gode Allah. Ni kuma na hau sama na yi sallama da lambu. Na roƙi Hajja reshe ɗaya na tafi da shi. Ta ce, "Zai mutu a hanya, kuma ma'aikatan filin jirgi ba za su bar ki ba. Ba a sayar da na'a-na'a a kasuwarku?" Na ce ana sayarwa. Ta ce, "To ai kin riga kin samu."

A jirgi na yi ta tunanin gidan kakata. Akwai zogale a bayan ɗaki, ɗoɗɗoya a bakin wurin wanke-wanke inda ruwa yake kwanciya, yakuwa da rama a jikin danga, kabewa ta haye rumfa. Ba ta taɓa kiran wannan lambu ba, kuma ba ta taɓa aike kasuwa don ganyen kwaɗo ba. Mu da muka zo birni muka malale tsakar gida da siminti tun daga ƙofa har bango, muka koma dogaro da dunƙulen ɗanɗano. Matan Fas ba su da ko taku ɗaya na ƙasa, gidajensu a cushe suke fiye da namu, sai suka ɗauki ƙasar a bokiti suka hau da ita sama.

Mako guda da dawowata na sayo na'a-na'a a kasuwar 'Yankaba, na tsoma rassa shida a kofi. Huɗu suka yi saiwa. Ƙazbur ɗin da na shuka da bazara kuwa ko tsawon yatsa bai kai ba ya yi fure ya bushe, sai da hunturu ya shigo na sake gwadawa ya yi kyau. Yanzu gwangwanaye tara ne a bayan tagar madafata, har da ɗoɗɗoya da na roƙo a maƙwabta, kuma ruwan wankin shinkafa ya daina bin kwata. Gwaggo takan aiko jikanta da yamma a tsinko mata na shayi.

'Yar'uwa, in kina da gwangwanin madara da ya ƙare da wurin da rana take taɓawa na 'yan awoyi, kin mallaki duk abin da Hajja ta fara da shi. Ki huda gindinsa, ki zuba ƙasa da ɗan taki, ki fara da na'a-na'a, don ita ce mai yafe wa sabon hannu.